Zogale da Kajin Yaya Mu'minatu

Zango, Sokodé
Farkon Fabrairu, 1993

Zuwa ga ƙanena Taufiq,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ka kuma gaida mini Kawu Belel da Inna Jumma. Baba da Mma suna nan lafiya, suna sa maka albarka. Gidan waya har yau a rufe yake, shi ya sa na ba Karim direba wannan takarda, shi da yake kai doya wajenku. In za ka ba da amsa, ka same shi a tasha kafin ya juyo.

Ka san tun da aka shiga wannan yajin aiki na ƙasa baki ɗaya maigidana Alassani bai ga albashi ba. Lakwal ɗin, wato makarantar da yake koyarwa, a kulle take. In ya leƙa can, samarin unguwa su ce ya ci amanar yaji. In ya zauna gida, a aiko a ce za a soke sunan duk wanda bai koma ba. Ga 'yan uwansa da suka gudo daga Lomé makon jiya bayan harbe-harben nan, sun cika mana ɗaki da zaure. Kowa da bakinsa, kuma tukunya ɗaya ce.

Da na ga haka sai na sayar da keken ɗinkina, na sayi 'yan tsakin kajin nama wurin wani da ya shigo da su ta Ghana. Nufina su isa yanka da ƙaramar sallah. Masara da dusa da tunkuza da garin kifi duk na samu. Abin da ya gagara shi ne garin bitamin ɗin da ake haɗa musu a abinci. Mai shagon maganin dabbobi ya ce kayansa na can maƙale a Lomé, shi ma bai san ranar fitowarsu ba. Ɗan abin da ya rage mini ba zai kai mako ba. Ka tuna kajin bara, da na yi sakaci da shi, yadda ƙafafunsu suka lanƙwashe.

Don Allah ka zaga shagunan Dapaong, in ta kama ka je har Cinkassé bakin iyaka. Kai ne ka yi karatun noma a jami'a, ka fi ni sanin sunansa. Kuma na san ba abin da kake yi a can sai zama, tunda Baba ya tura ka gidan Kawu don ya raba ka da taron ɗalibai.

Allah ya kiyaye mana kai.

Yayarka,
Mu'minatu

*

Dapaong
Fabrairu, 1993

Yaya Mu'minatu,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta wa su Kawu gaisuwar, suna amsawa. Ki gaida Baba da Mma da Yaya Alassani da 'yarku Hafiza.

Na zaga. A Dapaong babu. Na bi Kawu zuwa Cinkassé ranar kasuwar shanu, na tarar da wani yana sayar da shi a leda marar suna, na shinshina na ji rabinsa garin alli ne, na ajiye masa. Kada ki sa rai da wannan.

Amma Yaya, ki saurare ni da kyau. Aikin da zan yi na kammala karatu, wanda aka rufe jami'a ban fara ba, a kan wannan ne daidai: ko ruwan ganyen itatuwanmu zai iya taimakon kajin nama in babu na shago. Malamina ya yarda da shi, har an ware mini akurki, sai aka watse. Ba zan ce miki zai maye gurbin bitamin gaba ɗaya ba, domin ban sani ba, abin da nake so in gano ke nan. Amma abin da na karanta ya nuna ganyen zogale yana da sinadaran gina jiki da yawa, dogon yaro kuma ana zaton yana rage tsutsar ciki da zawo.

Ga yadda za ki yi. Ki ɗebo ganyen, ki shanya a inuwa, ba a rana ba. In ya bushe ki daka, ki tankaɗe. Ki jiƙa cikin cokalin miya ɗaya a kwalbar lita ta ruwa tun yamma, da safe ki tace da farin ƙyalle mai tsabta, ki zuba musu a mazubin ruwa. Kullum sabo, kada ya kwana biyu.

Yanzu ga roƙona. Ki raba akurkin gida uku da zana. Kashi ɗaya ruwan zogale, kashi ɗaya ruwan dogon yaro, kashi ɗaya kuma ruwa zalla, kada ki sa musu komai. Wannan na ƙarshen shi ne zai nuna mana ko ganyen na aiki. Abinci iri ɗaya ga kowa. Duk Juma'a ki aro sikelin Lado mahauci ki auna su, ki rubuto mini nauyin kowane kashi.

Yaya, wata uku ke nan ina ƙirga shanun Kawu ina sauraron rediyo. Abokaina wasu na Cotonou, wasu ban san inda suke ba. In wannan gwaji ya yi kyau, ranar da aka buɗe jami'a zan koma da abu a hannuna, ke kuma kin tsira da kajinki.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Taufiq

*

Zango, Sokodé
Jajibirin azumi

Taufiq,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, sai zafi da ya fara sauka da ƙarfi.

Na ce ka nemo mini magani, ka aiko mini da aiki. To, ba ni da wata hanya, na yi. Alassani ya kafa zana ya raba akurkin uku kamar yadda ka ce. Matan gidan nan suna ta dariya, wai kaji ma an raba musu jam'iyya.

Ka rubuta “ki ɗebo ganyen” kamar a bakin ƙofa yake jirana. Rani ne, Taufiq. Zogalen gidan Baba ya kaɗe, ɗan wanda ya saura Mma ta ce na miya ne, ba za ta ba kaji ba mutane na kallo. Sai da na je bayan rafi wurin Husseina, 'yar ƙabilar Kotokolin nan mai lambu, ita ce nata ke shan ruwa. Ta yarda in riƙa tsinka, ni kuma in kai mata kashin kaji ta zuba wa albasarta. Tafiyar ba kusa ba ce, kuma an kafa shinge a kan gada, kullum sai an kwance ƙunshin an duba. Jiya wani ya tambaye ni ko takardun adawa nake ɓoyewa cikin ganye. Dogon yaro kam ba wahala, ga shi ko'ina.

Ga abin da na gani. Na zogale suna sha sosai, suna da kuzari, gashinsu ya fara kwanciya. Na ruwa zalla suna nan, amma biyu sun fara zama a kan gwiwa, irin zaman da na sani. Na dogon yaro su zo su tsoma baki, su kaɗa kai, su koma gefe. Ni ma na ɗanɗana, ban ga laifinsu ba.

Maganar sikeli, Juma'ar farko na samu, na auna, Alassani ya rubuta maka a bayan wannan takarda. Juma'ar da ta wuce kuwa an rufe kasuwa saboda wata hatsaniya a bakin tasha, sikelin Lado yana kulle a rumfarsa. Na ɗaga su da hannu, na zogale sun fi nauyi. Wannan ya ishe ka.

Allah ya sa mu ga azumi lafiya.

Mu'minatu

*

Dapaong
Makon farko na azumi

Yaya,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Allah ya karɓi ibada. Kawu yana gaida Baba.

Na ji daɗin labarin zogale har na kasa zama. Amma “sun fi nauyi a hannu” ba zai shiga littafi ba, Yaya. Ba wanda zai karɓa daga gare ni. In sikelin Lado bai samu ba, akwai masu sayar da ƙusa, akwai masu hatsi. Kuma awon da Yaya Alassani ya rubuta, bai ce ko kafin su ci aka auna ba ko bayan sun ci. Da safe ake yi, cikinsu ba komai.

Na dogon yaro ki yi haƙuri da su, za su saba. In kin ga dama ki rage shi zuwa rabin cokali, amma ki rubuta ranar da kika rage. Na ruwa zalla kuwa, don girman Allah kada ki taɓa su. Na san zai yi miki wuya ki ga kaza na ɗingishi ki ƙyale, amma in kika ba su zogale, komai ya rushe, ba mu da abin kwatantawa. Mako uku kawai suka rage.

Nan ba labari. Yau a ce gwamnati da 'yan adawa suna tattaunawa, gobe a ce an tashi ba a daidaita ba. Na roƙi Kawu ya sa baki Baba ya bar ni in dawo gida, ya ce shi amana aka ba shi, ba shawara aka nema ba.

Ina jiran awo na gaba.

Taufiq

*

Zango, Sokodé
Tsakiyar azumi

Taufiq,

Sallama.

Na dogon yaro ba su saba ba. Na rage kamar yadda ka ce, duk da haka ba sa sha yadda ya kamata. Ranar Talata rana ta yi zafin da ban taɓa gani ba. Na fita tun safe, ban dawo ba sai bayan la'asar. Na tarar da su sun buɗe baki suna haki, ga ruwa cike a gabansu. Waɗanda suka riga suka miƙe na kwashe su a kwando. Waɗanda ke da sauran numfashi na kira Lado ya yanka, muka yi buɗa-baki da su, ƙanana, ba su fi kurciya ba sosai. Kusan rabin kashin ya tafi.

Washegari na cire zanar. Na haɗe su wuri ɗaya, kowa na shan zogale, har da naka na ruwa zalla. Awo ban yi ba, kuma ba zan yi ba.

Ba na neman ka yarda. Sanar da kai nake yi.

Mu'minatu

*

Dapaong
Tsakiyar azumi

Yaya,

Wa'alaikumus salam.

Na yi baƙin cikin kajin da suka mutu. Ban yi tunanin ɗacin ganyen da zafin nan za su haɗu haka ba, ya kamata in ce ki ajiye musu ruwa zalla a gefe da rana. Wannan laifina ne.

Amma me na ruwa zalla suka yi? Su ba su mutu ba. Da kin daina dogon yaro kaɗai, kin bar sauran biyun, da har yanzu muna da abin dubawa. Na roƙe ki da girman Allah. Kin haɗe su kin kuma ce ba za ki auna ba, kamar wadda take hukunta ni. Yanzu ko kajin sun yi ƙiba, ba wanda zai iya cewa zogale ne, ko masara ce, ko ikon Allah ne kawai. Ke ma ba za ki sani ba, kuma baɗi za ki sake tsayawa inda kike yau.

Kuma ina kika je tun safe har la'asar, kina da kaji a irin wannan zafi? Ke ce kike ce mini kajin nama ba a barinsu ko na rabin yini.

Tun muna yara haka kike, in abu ba naki ba ne ba ya da nauyi a wurinki. Kowa ya yanke mini yadda ya ga dama: gwamnati ta rufe makaranta, Baba ya turo ni nan, ke kuma kin cire zana. Ba zan ƙara damunki ba.

A gaida su Mma.

Taufiq

*

Zango, Sokodé
Bayan sallah da kwana kaɗan

Zuwa ga ƙanena kuma surukina, Malam Taufiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addini da barka da sallah, ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kawu Belel da iyalinsa. Ni ne Alassani. Yayarka ta karanta takardarka ta ƙarshe, ta ninke, ta ce ba za ta rubuto maka ba. Na ga bai dace a bar ku haka ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami ba tare da ta sani ba.

Ka tambaya ina ta je ranar Talatar nan. Nemana ta tafi. Ranar Litinin da hantsi wasu mutane suka zo da mota marar lamba, suka ce ana son ganina a kan wata takarda da malaman lakwal suka sa wa hannu. Ba su faɗi inda za su kai ni ba. Yayarka ta bi ofis-ofis da azumi a bakinta, kowa ya ce bai san zancen ba. Haka ta yi ta yi fiye da mako. Ta fita da safe ta nema, ta wuce lambun Husseina ta tsinko ganye, ta dawo ta dafa wa mutanen gida, ta daka, ta jiƙa. Ni ne nake ɗebo ruwan akurki uku in wanke mazubai, da ba na nan kuwa babu mai yi. Baƙin namu sun tsorata, ko ƙofa ba sa leƙawa. Ta ce mini ranar da ta cire zana, ta tsaya da bokiti biyu ta rasa wanne ne na wane kashi.

Baba ne ya hana a faɗa maka. Ya ce in ka ji, za ka kamo hanya, kuma sunanka yana cikin waɗanda aka tambaye ni. Hakan gaskiya ne, an tambaye ni kai. Na ce ban san inda kake ba. An sake ni lafiya, sai dai kunnena na hagu ba ya ji sosai, kuma an sanar da ni cewa ba ni da aiki.

Game da kaji, waɗanda suka rage sun yi kyau, har masu ɗingishin sun ɗan miƙe, ko da yake, kamar yadda ka ce, ba mu san dalili ba. Sai dai kasuwa ta ƙi. Mutane ba albashi, mai son kaza guda ya koma neman cinya. Otal ɗin da ya saba ɗauka ba baƙi. Daga ƙarshe yayarka ta kafa kasko a bakin tasha tana soyawa tana sayarwa gunduwa-gunduwa. Mun ci, mun ciyar da baƙi, mun yi wa Hafiza ɗinkin sallah. Keken ɗinki dai bai dawo ba.

Ban rubuto don in kunyata ka ba. Abin da ka faɗa game da gwaji daidai ne, ni malami ne, na gane. Amma ka rubuto mata.

Wassalam.

Naka,
Alassani

*

Dapaong
Afrilu, 1993

Yaya Mu'minatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Yaya Alassani da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya saka masa.

Ya rubuto mini. Kada ki yi masa faɗa. Na karanta a tasha a tsaye, har Karim ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Abin da na ce game da ke tun muna yara, ki yafe mini. Ba gaskiya ba ne, kuma ko a lokacin da nake rubutawa na san ba gaskiya ba ne.

Amma zan faɗa miki, raina ya ɓaci da ɓoyewar nan. Ina nan ina yi miki lissafin cokali, ke kina yawon neman mijinki. Kun bar ni ina magana kamar mahaukaci. Ni ba yaro ba ne.

Na kuma sami labari cewa malamina ya tsallaka Benin da iyalinsa, ba a san ko zai dawo ba. Don haka ko da na sami awon nan cikakke, ban san wa zan kai wa ba. Duk da haka abin bai fita daga raina ba. Bitamin ba zai dawo shago gobe ba, kuma ba ke kaɗai ce mai kaji a Zango ba. Ina so mu sani, ko don kanmu.

Wani abokin cinikin Kawu yana shigo da 'yan tsaki daga Burkina. Kawu ya ce zai ɗaukar miki kwali biyu, kyauta ce daga gare shi, kada ki yi gardama. Za su isa yanka da babbar sallah in an yi sauri, ko da yake na san lokacin rago ne. Dogon yaro mun bar shi. Kashi biyu kawai, zogale da ruwa zalla. Kuma wannan karon ni zan kawo su da kaina, ni zan je lambun Husseina, ni zan ɗebo ruwa. Ba zan fita ko masallacin Juma'a ba in Baba ya ce haka. Ke yake saurara. Ki yi masa magana.

Allah ya huci zuciyarki.

Ƙanenki,
Taufiq

*

Zango, Sokodé
Afrilu, 1993

Ƙanena,

Wa'alaikumus salam. Na yafe. Ka yi wa Kawu godiya, zan rubuto masa daban.

Na yi wa Baba magana har sau biyu, na sa Mma ma ta yi. Ya ce a'a. Motar nan ta sake zagayawa unguwa makon jiya. Ni ma da ya tambaye ni ra'ayina, a'a na ce. Ka ji haushina in ka ga dama, amma ka ji shi a Dapaong.

Ka ba Karim kwalayen, ya sa su gaba kusa da shi, su taso da sanyin safiya. Alassani ya sake kafa zana, gida biyu. Ya ce tunda ba shi da ɗalibai yanzu, shi zai riƙa aunawa, da safe, kafin su ci. Ruwan sama ya fara, zogalen gidan Baba ya tofo.

Sai dai ka sani tun yanzu. Ranar da na ga ɗaya ta zauna a kan gwiwa cikin na ruwa zalla, zan ɗauke ta in ba ta zogale. Zan faɗa maka wacce ce da ranar da na yi, amma ba zan jira izininka ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Mu'minatu